Yadda Muka Saba da Kumatu

Gidan da muke haya a gefen birnin Madison, a jihar Wisconsin ta Amurka, yana da ɗan fili a baya. Akwai wata gajeriyar katangar duwatsu da ke tare ƙasa kada ta zaizayo, da wata tsohuwar bishiyar oak ta maƙwabta wadda rassanta suka ƙetaro mana. A gindin katangar nan wata 'yar dabba take zaune, irin wadda mutanen nan ke kira chipmunk. Dangin kurege ce, amma ko kusa ba ta kai girman kuregen da na sani a gonakin Katsina ba. Nauyin irinta bai cika wuce giram 100 da 'yan kai ba, tafin hannu ɗaya ya ishe ta zama. Jikinta ja-ja ne, da zane baƙi guda 5 a baya, da fari-fari ɗaya a kowane gefe. Mace ce, abin da na tabbatar daga baya da na ga 'ya'yanta. 'Yata ce ta raɗa mata suna Kumatu, kuma duk wanda ya gan ta da baki cike ba zai tambayi dalili ba.

A watan Afrilu na fara lura da ita, bayan dusar ƙanƙara ta narke. Ina wanke-wanke a kicin sai in ga wani abu ya gifta a kan katanga kamar an harba shi, wutsiya a tsaye. Na daɗe ina kallonta ta taga kafin ma tunanin ba ta abinci ya zo mini, kuma wannan kallon shi ya fi yi mini amfani a duk abin da ya biyo baya. Na gane cewa da hantsi take fitowa, ta koma idan rana ta take, ta sake fitowa wajen la'asar. Da dare ba ta yawo. Na gane hanyoyinta: daga katanga zuwa ƙarƙashin matakalar baranda, daga nan zuwa bututun ruwan sama, kullum tana bin inda za ta iya ɓuya. Ba ta ratsa tsakiyar fili sai dole, kuma idan ta ratsa, da gudu ne.

Raminta ya ba ni wahalar ganowa. Ƙofarsa ba ta wuce faɗin santimita 5 ba, kuma babu tulin ƙasa a bakinsa ko kaɗan. Irinsu suna kwashe ƙasar da suka tono su watsar da ita nesa don kada maƙiyi ya gane wurin. A ciki kuwa aiki ne babba: ramin kan yi tsawon mitoci da yawa, wani har kusan mita 10, da ɗakin kwana da aka shimfiɗe da busassun ganyaye, da ɗakunan ajiya, da wata ƙofar ta tsira. Tun da na san haka na daina ganin katangar nan a matsayin tarin duwatsu kawai.

Kafin in zuba ko ƙwaya ɗaya, na je wurin maƙwabciyata, wata dattijuwa da aka haifa a wannan jihar, na tambaye ta ko akwai dokar da ta hana. A ƙasar nan ba a yin abu da ka. Ta gaya mini cewa a gundumarmu ta Dane an hana ajiye wa barewa abinci, saboda wata cutar ƙwaƙwalwa da ke yaɗuwa a tsakaninsu, wadda aka fara ganowa a jihar a shekarar 2002, ba nisa da nan. Tsuntsaye da ƙananan dabbobi kuwa ana iya ba su a kusa da gida, muddin barewa ba za ta kai bakinta wurin ba. Wannan ya daidaita da abin da nake so: kaɗan, a kusa da ni, kuma ba a bar saura ya kwana.

Sai zaɓen abinci. Abin da ya fara zo mini a rai gyaɗa ce, ba mamaki, da ita muka tashi. Na sayi mai ɓawo, gasasshiya, marar gishiri. Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne. Gishirin da mu ba ma ko ji a baki yawa ne ga jiki ƙarami irin nata. Na guji duk wadda ta yi danshi ko ta fara fumfuna, domin gubar fumfunar gyaɗa tana lalata hanta, a mutum da dabba. Na haɗa da baƙar ƙwayar furen nan mai bin rana da ake sayarwa don tsuntsaye, da ɗan yankan tuffa wani lokaci. Burodi, biskit, cincin, alewa, duk babu. Na kuma ajiye ruwa a wani faffaɗan murfi marar zurfi, ina sauya shi kowace safiya.

Na zaɓi wani shimfiɗaɗɗen dutse a kan katanga, taku kaɗan daga raminta, kusa da wani kurmin furanni da za ta iya faɗawa ciki idan ta tsorata. Kullum da hantsi, bayan na kai yarinya makaranta, sai in ajiye gyaɗa uku ko huɗu a kai in koma cikin gida. A farko ba ta ko kusantar wurin sai na rufe ƙofa an jima. Takan zo, ta tsaya cak kamar an dasa ta, ta shinshina iska, ta ɗauki ɗaya ta ɓace. Da ta saba da dutsen sai na fara zama a baranda, nesa, da kofin shayi a hannu, ba motsi. Na lura cewa zama a ƙasa ya fi zama a kujera, kuma kallonta kai tsaye yana korar ta. Idan na kau da fuska gefe ina satar kallo ta wutsiyar ido, sai ta sake. Inuwa ma tana da muhimmanci. Idan inuwata ta faɗa a kanta, ko na ɗaga hannu sama da ita, shi ke nan ta tafi, domin daga sama shaho yake zuwar musu.

Na kuma riƙe sauti guda. Gyaɗar tana cikin wani gwangwanin madara, kuma kafin in zuba sai in girgiza shi sau biyu, in yi ɗan tsaki a hankali. Ba a daɗe ba ta haɗa wannan ƙarar da abinci. Ina girgizawa sai in ga ɗan kai ya leƙo daga tsakanin duwatsu.

Matsowa kusa ita ce ta ci lokaci. Ba ni ke yanke ranar da za a rage tazara ba, ita ce. Idan na matso ta ƙi zuwa, washegari sai in koma inda nake a da. Idan ta zo ta ɗauka ba tare da dogon tsayuwa ba, sai in ƙara taku ɗaya. Akwai ranakun da iska ke kaɗawa da ƙarfi, ganyaye na ƙara, ba ta iya jin motsin maƙiyi. A irin waɗannan ranakun takan koma kamar ba ta taɓa ganina ba. Ban ɗauki wannan a matsayin komawa baya ba. Dabbar da kusan komai ke son cinye ta, shaho da mujiya da maciji da yanyawa da magen gida, tana da hujjar yin taka-tsantsan, kuma ban so in raba ta da shi ba.

Da na kai inda nake iya ganinta sosai ne na fahimci abin da ya canja mini tunani gaba ɗaya. Ba ci take yi ba. Da wuya in ga ta zauna ta cinye gyaɗa a gabana. Takan ɗauka, ta jujjuya ta da hannuwanta biyu, ta gutsure duk wani tsini da ke jikin ɓawon don kada ya soke ta, sannan ta tura ta cikin kunci ɗaya. Ta ɗauki ta biyu ta tura ɗaya kuncin. Ta uku ta riƙe a tsakanin haƙora. Kumatun nan jaka ce mai miƙewa har zuwa wajen kafaɗa, kuma idan ta cika sai kan ya yi faɗi har ka rasa yadda za ta shiga raminta. Ta ruga, ta sauke, ta dawo cikin minti biyu da kunci a lotse, ta tsaya tana jiran ƙari. Idan ka biye mata, gwangwani guda sai ya ƙare a zama ɗaya, kuma ba yunwa ce ta sa ba.

Dalilin yana cikin yadda suke wuce hunturu. Wasu dabbobin nan, kamar beyar, suna tara kitse a jiki su kwanta. Su waɗannan ba haka suke ba, abincin suke tarawa a ɗaki. Idan sanyi ya kama, sai ta shige rami, jikinta ya yi sanyi ƙalau, bugun zuciyarta da ke kai wajen 350 a minti ɗaya ya ragu zuwa 'yan kaɗan. Bayan wasu kwanaki ta farka, jiki ya ɗumama, ta ci daga abin da ta tara, ta koma barci. Haka har watan Maris. Wato duk wannan zirga-zirgar da nake gani, cika rumbu take yi, kamar yadda mahaifina ke yi da damin gero bayan kaka, yana lissafin watannin da za a ci kafin sabon amfani ya zo. Wanda ya tashi a gidan da ake duba rumbu da fargaba a tsakiyar damina ba zai ga wannan aikin ya raina shi ba.

Na ba Hajiyata labari a waya, na tura mata bidiyo ta WhatsApp. Ta kalla ta ce, "Ikon Allah! To ai sadaka ce, 'yar nan. Amma kada ki sangarta ta, ki bar ta ta nemi nata." Na ce, "To, Hajiya, in Allah ya yarda." Maganarta ita na riƙe a matsayin ma'auni. Na tsaya a kan ɗan abin da bai cika tafin hannu ba a yini, kuma ba kullum ba. Asalin abincinta yana nan a fili: 'ya'yan itatuwa, ƙwayoyi, naman kaza, ƙwari, tsutsa, dodon koɗi. Har ƙwan tsuntsu suna ci idan sun samu, abin da bai yi wa 'yata daɗin ji ba, amma gaskiya ce, na kuma gaya mata.

Ranar da ta fara ɗauka daga hannuna ina zaune a kan matakala ta ƙasa, na shimfiɗa hannu a kan siminti, tafin a buɗe, yatsu a haɗe, gyaɗa a tsakiya. Ba a riƙe mata abinci da yatsu biyu. Daga kusa ba ta bambance kan yatsa da gyaɗa sosai, kuma haƙoran da ke fasa ɓawo ba za su ji wuyar fata ba. Ta zo, ta koma. Ta sake zuwa ta gefen da ba na kallo. Ta miƙe jikinta iya tsawonsa, ƙafafun baya suna can a shirye don gudu, ta ɗora hannu ɗaya a kan yatsana. Sanyi ne da shi, da 'yan farata masu kaifi, ga gashin bakinta yana shafar fatata. Ta ɗauka ta tafi. Na daɗe a zaune ban tashi ba, na ji daɗi har cikin raina. Shekaru nake a ƙasar nan, ina zaune a cikin mutane masu kirki amma kowa da ƙofarsa a rufe, sai ga wata halitta da ba ta da dalilin yarda da ni ta yarda.

Daga nan abin ya yi sauri. Ta fara hawa tafin gaba ɗaya ta zauna tana cusa kumatu, daga baya har gwiwata. Amma ban taɓa ƙoƙarin shafa ta ko kama ta ba, kuma na hana 'yata. "Umma, sau ɗaya kawai, a baya," ta roƙe ni. Na ce mata, "A'a, 'yar albarka. Ita ta zo wurinmu, ba mu muka kamo ta ba. Ranar da kika rufe hannu a kanta, ba za ta sake zuwa ba." Na bar ta tana zuba gyaɗa a kan dutse tana kallo daga matakala, ba ta hannu ba. Bayan kowane zama kuma sai wanke hannu da sabulu.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili mai ƙarfi. Wisconsin tana cikin jihohin da cutar Lyme ta fi yawa a Amurka, kuma wata ƙaramar kaska ce ke yaɗa ta. Kaskar tana ɗaukar ƙwayar cutar daga jinin ƙananan dabbobi kamar ɓeraye da su Kumatu, sannan ta kai wa mutum. Don haka na riƙa yanke ciyawar da ke kusa da baranda, ina share busassun ganyaye daga inda muke zama, ina duba jikin yarinya da nawa idan mun shigo, musamman bayan kunne da bayan gwiwa. A yammacin ƙasar kuma akwai abin da ya fi haka: a shekarar 2021 an rufe wasu wuraren shaƙatawa a gefen tafkin Tahoe na ɗan lokaci bayan an samu mugunyar cutar nan da ake kira plague a jikin irin waɗannan dabbobin, wadda ƙuma ke ɗauka. A gandun dajin gwamnatin tarayya kuwa haramun ne a ba kowace dabbar daji abinci, kuma na ga hikimar hakan. Inda mutane dubbai ke wucewa kowa na miƙa biskit, dabba takan lalace, ta daina tsoro, ta fara cizo. Abin da na yi a bayan gidana da dabba ɗaya ba zan yi shi a can ba.

Abinci ba ya ɓuya. Manyan kuregun bishiya masu launin toka sun gano dutsen, haka wasu shuɗɗan tsuntsaye masu yawan surutu da ke sure gyaɗa da ɓawonta. Maganinsu shi ne na daina ajiyewa in tafi. Sai ina wurin ake ci, idan zan tashi in kwashe saura. Wannan ya kuma hana ɓeraye zuwa da dare. Wanda ya fi tayar mata da hankali shi ne ɗan'uwanta da ke zaune ƙarƙashin rumfar maƙwabta. Ba sa zaman tare, kowa da raminsa da iyakarsa. Duk sanda ya ƙetaro sai ta bi shi da gudu har shinge, ta dawo ta hau dutse tana ta kuka mai kaifi, cip, cip, cip, minti da minti. Da sannu na fara bambance kukanta. Wannan mai kaifin tana yin sa idan mage ta shigo fili. Akwai wani mai kauri, kamar ana ƙwanƙwasa busasshen itace, wanda take yi idan haɗarin daga sama yake. Sau da yawa ina jin sa sai in ɗaga kai, in kuwa ga shaho yana shawagi.

Magen ita ta fi damuna. Na ji tsoron cewa zaman da Kumatu ke yi a sarari saboda ni zai sa a kama ta. Sai na mayar da wurin cin zuwa gefen matakala, inda akwai wani tsagi da take shigewa cikin ƙiftawar ido, kuma duk ranar da na hangi magen a unguwa ba na girgiza gwangwani.

A tsakiyar lokacin zafi ta ɓace. Na girgiza, na yi tsaki, shiru. Hankalina ya tashi ƙwarai, na riƙa zagaya katanga ina duba ko zan ga alamar wani abu. Maƙwabciyata ta kwantar mini da hankali, ta ce haka suke yi idan zafi ya tsananta, kuma matan kan haihu sau biyu a shekara, farkon shekara da tsakiyarta. Cikinsu wata ɗaya ne, 'ya'yan kuma sai sun yi kamar mako 6 a rami kafin su leƙo. Haka kuwa aka yi. Wata safiya a watan Satumba na ga ƙananan kawuna a bakin ramin, zanensu sabo fil, suna tuntuɓe da juna. Ban ba su komai ba, ban kuma yi ƙoƙarin sabawa da su ba. Cikin mako biyu uwar ta kore su, kowa ya kama gabansa. Ɗaya ya tare a bayan garejin maƙwabta, sauran ban san inda suka nufa ba.

Da Oktoba ta kama, bishiyar oak ta fara zubar da 'ya'yanta, sai Kumatu ta kusa mantawa da ni. Takan wuce ta gaban hannuna da kumatu cike da abin da ta tsinto da kanta, ko waiwaye babu. Wannan ya faranta mini rai fiye da ranar da ta hau tafina, domin ya nuna ban lalata ta ba. Na daina share 'ya'yan bishiyar da suka faɗo ɓangarenmu, na bar mata su. A lokacin ne kuma maƙwabciyata ta kawo kuka cewa ana tone mata albasar furannin da take binnewa don su tsiro bayan hunturu, har ta ambaci tarko. Na roƙe ta ta dakata. Na sayo ragar waya mai ƙananan idanu, muka shimfiɗa a kan wurin shukar muka rufe da ƙasa, ta yadda tsiro zai fito amma ba a iya tonawa. Ta yarda, ba a kawo tarko ba.

Wajen tsakiyar Nuwamba ta shige ba ta sake fitowa ba. Dusar ƙanƙara ta rufe katanga, tafkunan Mendota da Monona suka daskare, ni kuma na ajiye gwangwani a saman kabad. Na roƙi maigida kada ya tara ƙanƙarar da yake sharewa a kan wannan gefen katangar, ya kuma kiyaye zuba gishirin narkar da ƙanƙara a wurin.

Ta fito a ƙarshen Maris, wata rana mai ɗan ɗumi, lafiyarta lau. Ba ta zo hannuna nan take ba. Sai da muka koma kan dutse, muka sake bin matakan nan ɗaya bayan ɗaya, sai dai wannan karon cikin ɗan lokaci. Irinsu ba su cika wuce shekara 2 zuwa 3 a daji ba, kuma ban san shekarunta ba sanda muka haɗu. Bana na ƙara rage gyaɗar, na fi ba ta 'ya'yan oak da na tara tun kaka na adana a firji. 'Yata ta girma kaɗan, ta iya zama shiru ba motsi, don haka na yarda ta fara shimfiɗa nata hannun a kan siminti, ina gefenta. Har yanzu Kumatu tana tsayawa taku ɗaya daga yatsunta, ta shinshina, ta zagayo wurina.